Gicciye a Wuyan Hannun Goggo

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta kusa barin hannunta na dama a wani asibitin Alkahira saboda tana so ta isa gaban Allah da shaida a jiki. Ni na raka ta wajen mai allurar jarfa, ni na riƙe mata jaka, don haka ba ji na yi ba.

Mu Hausawa ne, Kiristoci, daga wani ƙauye a kudancin Katsina. Ko a gida wannan magana sai an maimaita wa mutum kafin ta shige shi, balle a Masar. Hausawan Sudan da ɗaliban Nijar da ke unguwarmu ta Ainu Shams in suka ji harshenmu sai murna, a gaisa, a tambayi mutan gida, har ranar Lahadin da za su gan mu mun ci kwalliya da sassafe. Daga nan gaisuwa takan gajarta na ɗan lokaci, sannan ta dawo yadda take, don duk unguwar ba mai dambu irin na Goggo. Kiristocin Masar kuma, Kibɗawa, in suka ga baƙar mace da mayafi ta ce ita tasu ce, sai idonsu ya sauka kan wuyan hannunta. Su tun suna yara ake yi musu jarfar ɗan ƙaramin gicciye a nan, ta ciki, daidai inda jijiya ke bugawa. Mu namu wuyan hannun babu komai sai tabon man suya.

Goggo ta riga ni zuwa da shekaru masu yawa. Raino ya kawo ta gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci. Da aka canza masa ƙasa ya kwashi matarsa da 'ya'yan da ta goya da firijinsa, ita kuma ya bar ta da fatan alheri. Bayan rasuwar mijina ta aika aka kawo ni. Ni ina aiki a unguwar Dokki wajen wata tsohuwa Bakibɗiya, in yi mata wanka da girki, in saurari labarin gwiwarta. Goggo kuwa wanke-wanke da goge-goge take yi a gidajen mutane.

Ba wani malamin ƙarya ne ya ɓata wa Goggo tauhidi ba. Bawwabi ne, mai tsaron ƙofar benen da ta fara zama. Tana sabuwar zuwa ta sauko daga bene da yunwa, ta same shi a kan benci da ɗan kwanon wake da gurasa. Ya ɗago ya ce mata itfaddali, wato bismillah. A garinmu in aka ce maka bismillah, hannu kake wankewa. Goggo ta ajiye jaka ta zauna ta ci, kuma ta ci sosai, don ta ce waken ya ji mai da lemun tsami. Bawan Allah yana zaune yana kallon abincin wuninsa yana tafiya. Kafin la'asar duk benen sun ji. Uwar ɗakinta ta kira ta ta yi mata bayani cewa a nan da baki ake gayyata, mai tarbiyya hannu yake ɗorawa a ƙirji ya yi godiya ya wuce. Masarawa da kansu sun raɗa wa abin suna, gayyatar masu jirgin ruwa: mutum yana tsakiyar Nilu yana kiran na bakin gaɓa ya zo a ci abinci.

Gaskiya Masarawa ba marowata ba ne. In da gaske suke, za su maimaita, su kama hannunka, su rantse da 'ya'yansu. Amma Goggo ba ta tsaya koyon bambancin ba. Kunyar ranar ta shige ta har ƙashi, ta yanke hukunci cewa duk wanda ya ce maka kyauta, ladabi yake yi, kai ma ka yi naka ladabin. Ko ruwa ba ta ƙara karɓa a hannun kowa ba. A hankali ta sa Allah ma a cikin lissafin.

Ni sai da furfura ta fara fito mini na koyi karatu. Majami'armu ta baƙi 'yan Afirka wani falo ne a hawa na sama, kujerun roba da fanka ɗaya mai kuka. Bayan sujada akan koyar da karatu, na zauna da jikokin mutane a kan kujerar da ba ta ɗauki rabina ba. Dalilina ɗaya ne: na gaji da maza suna karanta mini Maganar Allah suna tsayawa daidai inda ya yi musu daɗi. Da idona ya buɗe sai na tarar da abin da ba a taɓa gaya mini ba. Ashe masu bi na farko mafaɗata ne irinmu. Ni da nake tsammanin farar riga suke sawa su zauna suna yi wa juna murmushi. Babbar rigimarsu ta farko a kan kaciya ce. Na farkon Yahudawa ne, da al'ummai suka fara shigowa sai waɗansu suka tsaya a ƙofa suka ce ba mai samun ceto sai an sa masa aska. Aka taru, aka yi ta musu, a ƙarshe aka tsaya a kan cewa ceto alherin Allah ne, ta bangaskiya ake karɓarsa, ba a yanka shi a jiki. Wani manzo ma da ya ji wata ikilisiya ta koma wa zancen askar, ya rubuta musu da fushin da in ni na yi shi a zumuntar mata, da an dakatar da ni.

Tun daga lokacin Goggo ta daina kirana 'yar nan, ta koma kirana Malama. Ba don girmamawa ba.

Abin ya taso ne wata safiyar idi. Mai gidan da muke haya don sujada ya sa wa falon kwaɗo saboda maƙwabta sun kai ƙarar ganga. Ni ina Dokki. Goggo ta ce ba za ta yi idi a ɗaki kamar marar addini ba, ta nufi babban cocin Kibɗawa da ke kusa da tashar jirgin ƙasa na metro. A bakin ƙofa akwai shingen ƙarfe da masu duba mutane. Kowa ya zo sai ya ja hannun riga, a ga gicciye, ya wuce. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, an sha kai musu hari, sun binne mutanensu. Goggo ta ga kowa yana jan hannun riga, ita ma ta ja. Mai gadin ya duba bai ga komai ba. Ya nemi takarda, takardarta tana gida, kuma ko tana hannunta ba ta faɗin addini. Da Larabcinta ya ƙare sai ta rera masa waƙar sujada da Hausa, baiti guda cif, a gaban layi. Ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ce mata ma'alish, wato sai haƙuri. A kan titi ta yi idinta, tana jiyo kuge da waƙa ta bayan katanga.

Na dawo da yamma na same ta zaune a bakin gado ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce in ƙofar duniya haka take, ina ga ta sama. Ta ce shekarun nan duka ana yi mata wa'azi cewa ceto kyauta ne, ita kuma da wautarta ta kusa zama ta sa hannu.

Ta fara da azumin Kibɗawa. Wanda bai san shi ba, ba nama, ba madara, ba ƙwai, kuma ba a sa komai a baki sai rana ta yi nisa, ga shi wannan yana fita wancan yana shigowa. Goggo tana da ciwon suga wanda likita ya ce ko farce za ta yanke ta yi a hankali. Ta riƙa shan ƙwayarta a kan cikin wofi tana jiri a ƙaramar motar haya. Sannan ta sanar da ni cewa za ta yi jarfa.

Na yi mata bayanin rigimar kaciya tun daga farko. Ta ce wannan matsalar maza ce, su suka san abin da ya dame su. Na ce ai magana ɗaya ce, alama a fata. Ta ce ita ba ta ga inda aka ambaci wuyan hannu ba, in kuma an ambata in nuna mata, tunda na zama Malama. Na kawo mata labarin ɓarawon da aka gicciye kusa da Mai Ceto, wanda hannuwansa ke kafe, ba azumi, ba kuɗin baiko, ba ko sharar coci, ya roƙa kawai aka karɓe shi.

"Shi ai ɓarawo ne," in ji Goggo. "Ya saba ɗaukar abin da bai yi wa wahala ba."

Na ce to bari in zo mata ta inda ta sani. Ni da ita duk aikatau muka yi, mun san bambancin 'yar aiki da 'yar gida. Su biyun suna shara, suna wanke kwano. 'Yar aiki in ta fasa faranti, sai ta fara tunanin inda za ta kwana. 'Yar gida in ta fasa, a yi mata faɗa, da daddare a zuba mata tuwo. Ba shararta ce ta sa ta zama 'ya ba, don ita 'ya ce take share gidan ubanta. Na ce masu bi na farko ba cewa suka yi a miƙe ƙafa a daina aikin kirki ba, cewa suka yi aikin a baya yake zuwa. Na ji daɗin bayanin nan ƙwarai, har na ɗan gyara zama.

Goggo ta dube ni ta ce, "Malama, gida nawa aka ce mini ke 'yar gida ce? Duk gidan da aka faɗa mini haka, a kicin na ci abinci."

Har yanzu in na tuna sai in ji haushin littattafan da na karanta, don ba su shirya ni wa wannan tambayar ba.

Na kai ƙara wajen tsohuwar da nake yi wa aiki, ko za ta ba ni abin da zan rufe bakin Goggo da shi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta juya mini wuyan hannunta, gicciyen ya tsufa tare da ita, ya baje ya zama kamar ɗigon shuni. Ta ce ubanta ya sa aka yi mata don ko ranar wuya ta zo kada bakinta ya iya musun ko ita wace ce. Shaida ce ga mutane da tuni ga mai ita, ba mabuɗi ba ce. Ta ce marigayi mijinta nasa ya kai girman tafin yaro, kuma ita ba za ta rantse a kan inda yake yanzu ba. Azumi kuma, ta ce ko limamansu suna sauke wa marar lafiya.

Na ɗauko wannan da zafinsa na kawo Ainu Shams. Goggo ta saurara tana tsince shinkafa. Ta ce ga irinta nan, mai alama tana gaya wa marar alama cewa alama ba komai ba ce. In da gaske take, ta kankare tata mana.

Da ta ce ko da ni ko ba ni za ta je, na bi ta, don gara in ga abin da idona. Wata rumfa ce a jikin katangar wani tsohon coci a tsohuwar Alkahira. Wanzamin nasu yana zaune da allura mai aiki da lantarki da allon zane-zane, iyaye sun yi layi da jarirai, ana kuka ana guɗa. Da layi ya zo kanmu na ce masa da Larabcina na kicin, tana da suga. Goggo ta taka mini ƙafa, ta nuna kaina da yatsa ta gaya masa 'yar wanta ce, ba ta cika lafiya ba. Ya dube ni da tausayi. Ya ɓare sabuwar allura a gabanmu, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba, kafin in gama addu'a ya gama.

Sai ga wani abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Goggo baƙa ce wuluk, irin baƙin gidanmu. Tawadar ta shige fatarta ta ɓace. Sai ka kama hannun ka juya shi wajen rana, ka ƙanƙance ido, sannan ka ce kamar akwai wani abu. Na ce mata to madalla, yanzu sai mu roƙi Allah ya sa mai gadin sama yana da tocila. Ba ta kula ni ba. Haka ta ɗaga hannun a taragon mata na jirgin metro tun daga can har gida, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Wanzamin ya ce kada ruwa ya taɓa wurin. Washegari Goggo ta tafi aiki ta tsoma shi a ruwan wanke-wanke da na bilic, don a ganinta rashin zuwa aiki ma zunubi ne. Wurin ya kumbura, ta saki hannun riga a kai. Na tambaya ta ce yana warkewa. Na ce in gani, ta ce ni likita ce ko Malama, in zaɓi ɗaya. Ina fita da asuba in dawo bayan magariba a gajiye, na ƙyale ta.

Maƙwabciyarmu ta hawan ƙasa ce ta gano. Bahaushiyar Sudan ce, Musulma, muna kiranta Hajiya, turaren wuta da humra take haɗawa tana sayarwa, hancinta kuwa ba ya kuskure. Sun haɗu a matakala, Goggo ta gaishe ta za ta wuce, Hajiya ta kama hannun rigar ta ɗaga ba tare da neman izini ba. Ta kira ni a waya ta ce in bar duk abin da nake yi in same su a asibiti. Na iske hannun ya yi suntum har gwiwa, yana ruwa, Goggo tana rawar ɗari tana gaya wa nas cewa ita azumi take, kada a sa mata komai. Likita ya auna suganta ya dube ni kamar ni na ɗura mata. Ya ce za su yanke naman da ya lalace, in abin ya tsaya a nan to, in ya ci gaba, hannun ne zai tafi.

Abin ya tsaya. Amma naman da suka yanke, da gicciyen a jikinsa ya tafi. A tasar asibiti ya ƙare, tare da auduga.

Ta daɗe a gida da hannu a naɗe. Ba ta iya wanka, ba ta iya ɗaura zane, ba ta iya kai loma baki sai da hagu, ita kuma ta ce gara yunwa da ta ci da hagu. Ni dole in tafi Dokki. Hajiya ce take hawowa kowace safiya da kwano a rufe. Ba ta tambaya ko ana so. Takan zaunar da Goggo, ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, ta ɗebo asida, tuwonsu na Sudan, da miya a cokali ta tsaya da shi a bakinta. Goggo ta riƙa jero abin da za ta yi mata in ta warke, za ta wanke mata labule, za ta goge mata matakala, za ta yi mata dambu har na sayarwa. Hajiya takan ce, "Yaya, haɗiye tukuna." Wata rana na dawo da wuri na same su a haka, Goggo ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu, hawaye na zuba, tana taunawa tana harara. Ga wa'azi ya zo mini har maƙogwaro, shiryayye da shi. Na haɗiye shi. A duk rayuwata ban yi aikin kirkin da ya ba ni wuya kamar wannan shirun ba.

Ranar da aka kwance bandejin ƙarshe, wurin ya zama wani tattararren tabo mai sheƙi, yatsu biyu kuma sun ƙi lanƙwasuwa har yau. Muka dawo gida ta zauna a bakin taga tana juya hannun. Lokacin babban azumin Kibɗawa ne, ana ta soya ta'amiyya, ƙosan Masar, a ƙasa, ƙamshin yana hawowa. Shirun da na yi ta yi ya ishe ni. Na ce mata ai ba a yi asara duka ba, akwai na hagu, in ta shirya in ɗauko jaka.

Na zaci zagi zan sha. Sai ta ce in ɗauko Littafi Mai Tsarki in karanta mata rigimar mazan nan, tun daga inda suka fara, kuma kada in tsallake inda bai yi mini daɗi ba. Na karanta da yatsa a kan layi, yadda na iya, ina tuntuɓe a sunayen garuruwa. Ta tsayar da ni ta tambaya ko su waɗanda aka karɓa ba kaciyar an sa su a baya ne, kusa da takalma. Na ce ban ga haka ba, abinci ma tare aka ce su ci, har an yi wa wani babba faɗa a gaban jama'a don ya janye kwanonsa daga cikinsu. Wannan ya yi mata daɗi, ta ce a maimaita. Na maimaita.

Ta kalli tabon. Ta ce ita dai ta kai abin da take da shi, ya ruɓe a hanya. Ba ta da wani.

"Zan je haka nan, hannu wofi, a kan maganar Mai Ceto," in ji ta. "Amma ki ji da kyau, Malama. In na je aka ce mini ma'alish, ba inda za ni. A bakin ƙofar zan zauna in jira ki, kuma hannun hagun nan lafiyarsa ƙalau, ya iya mari."

Na ce na yarda.

Ta ce to in tashi in dafa mata ƙwai, in sa madara a shayin, lokacin shan ƙwayarta ya wuce tun ɗazu ina zaune ina surutu.